Shaho a Jikin Saƙi: Saƙawa Ko Ɗinkawa?

Mai son zanen shaho bisa duwatsun Shere na kusa da Jos a jikin mayafi, hanya biyu ce gabansa.

Ta farko, a saƙa tsuntsun tun a masaƙa. Masaƙi na ɗaga zaren tsaye da ƙirge, ya cusa abawa (zare mai kauri) mai launi kafin ya jefa ƙoshiya, abin da ke ɗauke da zaren kwance. Zanen ba ya gogewa sai in tufar ta mutu. Sai dai ƙwaryar saƙi, wato falle ɗaya da ke fitowa daga masaƙa, ba ta cika wuce faɗin tafin hannu ba, don haka fiffike a buɗe kan ci ƙwarya uku. Idan bugun matsefin da ke danne zaren bai zo ɗaya ba, wajen haɗawa fiffiken ya goce. Baki da farata kuma hawa-hawa suke fitowa kamar matakala. Duwatsu kam, wannan ya yi musu daidai.

Ta biyu, a ɗinka da allura bayan an gama saƙa. Nan lanƙwasar baki da ƙwayar ido ke fita sarai. Illarsa, in ba a jiƙa saƙin ya shanye tukuna ba, wankin farko zai tattare ɗinkin.

Ga mayafin sanyin Jos da ke shan wanki, a saƙa. Na ratayewa a bango, a ɗinka.