Aikin gyaran bangon dubura a babban asibitin yankinmu

Matan da haihuwa ta sassauta wa bangon da ke tsakanin gaba da dubura, har sai sun danna da yatsa kafin bahaya ta fita, suna samun sauƙi a nan Jigawa. Allurar kashe ƙugu ake yi a gadon baya, a bi ta gaba, a ɗinke bangon da zare mai narkewa da kansa. Hannun likitocin yana da kyau: kumburin da sassaucin bangon ke jawowa a gaba kan ɓace, yawanci mace ta daina dannawa.

Wajen sallama suka gaza. Ba a jaddada cewa aikin ba ya maganin taurin bahaya, alhali yunƙuri ke ɓalle ɗinki. Bayan aikin, mako 6 ba daka, ba jan guga, ba kwanciyar aure. Ruwa da yawa, zogale, miyar kuɓewa, don bahaya ta yi laushi. Kamata ya yi a faɗi wannan a gaban maigida.