Kribi ko Limbe: Wanne Ya Dace da Hutunka a Bakin Teku?

Wanda ya taso a Garwa, Marwa, Yola ko Injamena, idan ya yi niyyar kai iyali su ga teku a Kamaru, garuruwa biyu za a fara ambata masa: Kribi da Limbe. Duka suna bakin Tekun Atlantika, duka ana cin gasasshen kifi da ɗuminsa, amma kowanne da irin nasa. Abu biyu ne za su raba maka gardama: watan da za ka tafi, da abin da ranka ya fi so, rairayi da ruwa ko dutse da daji.

Fara da wata, domin nan ne yawancin mutane ke yin asara. Limbe tana gindin Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, kuma dutsen ne ke tare gajimaren da ke tasowa daga teku ya sauke shi a yankin. Ƙauyen Debundscha da ke kusa yana samun ruwan sama kimanin milimita 10,000 a shekara. Daga Yuni zuwa Satumba sai ka yi kwana uku a Limbe ba ka ga rana ba, balle kan dutsen. Kribi kuwa damina biyu take yi, ruwa yana ɗan lafawa a Yuli da Agusta, sannan ya dawo da ƙarfi a Satumba da Oktoba. Saboda haka wanda hutun ƴaƴansa ya faɗo a Agusta, Kribi zai nufa. Daga Disamba zuwa Fabrairu duka biyun lafiya lau, sai dai ƙarshen Disamba kuɗin masauki yakan tashi, ɗakuna su cika da mutanen Duwala da Yawunde.

Kribi garin hutawa ne. Rairayinta mai haske ne, ga itatuwan kwakwa har bakin ruwa. Kimanin kilomita 7 kudu da gari akwai inda kogin Lobe ke gangarowa daga kan duwatsu ya zuba kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake gani ba a duniya. Masu kwalekwale za su tare ka tun kafin ka sauka daga mota. Ku yi ciniki a kan tudu, a fayyace kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgi duka, zuwa gindin ruwan kaɗai ne ko har da shiga cikin kogi, kuma kar yaro ya hau ba rigar da ke hana nitsewa. Bayan damina ruwan ya fi ƙarfi da ban sha'awa, amma jirgi ba ya iya matsawa kusa. Da rani ya ragu, ana zuwa dab da shi. Mai ƙarin kwana biyu zai iya gangarawa Ebodje, ƙauyen da kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu. Ana zuwa da ɗan jagora na ƙauyen, ba a haska musu fitila mai ƙarfi, domin haske yakan sa uwar ta koma ruwa ba ta saka ƙwan ba.

Limbe ta fi dacewa da mai son yawo da ƙafa da mai son yara su ƙaru da ilimi. Rairayinta baƙi ne saboda aman dutse, yana ɗaukar zafi sosai da tsakar rana, ga duwatsu a wasu wuraren, don haka takalmin roba dole ne. A cikin gari akwai lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892, da cibiyar kula da namun daji da aka buɗe a 1993, inda ake riƙon gwaggon biri da sauran birai da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu fataucinsu. Yini ɗaya ya isa a zaga duka biyun. A hanyar Idenau, wajen Bakingili, ana ganin daskararren aman dutsen 1999 da ya gangaro har kan titi. Hawan dutsen kansa daga garin Buea ake farawa, da ɗan jagora, kwana biyu zuwa uku, kuma akwai sanyi mai tsanani a sama.

Sai dai akwai maganar da ba za a ɓoye ba. Limbe tana cikin yankin masu magana da Ingilishi, inda ake fama da rikici tun 2016, kuma ranar Litinin a sassa da dama na yankin mutane kan zauna a gida, motoci su yi ƙaranci. Garin ya fi na cikin ƙasa kwanciyar hankali, amma a tuntuɓi mazaunin wurin a makon tafiya, kar a sa ranar shiga ko fita Litinin, kar kuma a bi hanya da dare. Mai tafiya da mata da ƙananan yara karo na farko, Kribi ta fi masa sauƙin zuciya.

Game da hanya, mai fitowa daga arewa zai hau jirgin ƙasa na dare daga Ngaundare zuwa Yawunde, daga nan motar Kribi ta bi ta Edea. Limbe kuwa sai an ratsa Duwala, tazararsu kimanin kilomita 70, amma cunkoson gadar kogin Wuri da unguwar Bonaberi kan cinye awa guda ko fiye. Haɗa garuruwan biyu a hutun kwana uku wahala ce kawai, rabin lokacin zai ƙare a mota. A riƙe katin rigakafin shawara da takardun shaida a kusa, akwai shingayen bincike. Ɗan Nijar ya lura: sefar Kamaru da Chadi daban take da ta Nijar, darajarsu ɗaya amma ba a karɓar takardar wata a kasuwar wata.

Wajen masauki, otal na bakin ruwa ya fi tsada, kuma iskar gishiri tana saurin lalata na'urar sanyaya ɗaki, don haka a kunna ta a gani kafin a biya. A tambaya ko akwai janareto da tankin ruwa da gidan sauro. Iyali mai mutum biyar ko shida, hayar gida mai kaya da kicin ta fi araha, ta kuma raba ku da kiɗan mashaya da ke kaiwa tsakar dare a ƙarshen mako. Abinci ba matsala: a bakin jiragen masunta na Kribi, ko Down Beach a Limbe, kai za ka zaɓi kifinka, ja-wur a ƙasan kunne, ido garau, ka biya, sannan ka biya mai gashi daban. Miyar nama ce ake tambaya, don ana dafa naman daji da na alade.

Shi kuwa tekun, kar a ɗauke shi kamar kogin Binuwai. Inda ka ga igiyar ruwa tana fashewa dama da hagu amma tsakiya ya yi lumui ya yi duhu, nan ne ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. Wanda ruwan ya ja, ya yi iyo gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga hanyarsa. Wanda bai iya iyo ba kar ya wuce gwiwa, kuma a tambayi masunta inda ƴaƴansu ke wanka kafin a saki yara.