Shagon dinkin da ba a ce maka "dawo gobe", amma fa akwai inda suka gaza

Masu tambayata a ina nake dinki yanzu, to ga amsa gaba daya dan na gaji da maimaitawa. Shago ne a wajajen Zoo Road nan Kano, bazan kama suna ba saboda zan fadi na yabo in fadi na suka, kuma ba kudin talla suka bani ba. Dinkin maza kawai sukeyi, kaftani, babbar riga, 'yar shara, sai na yara in sallah ta matso. Mata kuyi hakuri wannan ba naku bane.

In dan kyan dinki ne kawai da ban bata lokacina na rubuta ba, Kano cike take da teloli masu hannu, akwai yaro a layinmu da keken Butterfly daya tal wanda in ya fitar maka da wuyan kaftani sai ka rantse daga Senegal aka kawo. Telolinmu hannu kam suna dashi, alkawari ne babu. Kowa yasan zancen, ka kai shadda tun kafin azumi yace maka kwana goma, ranar jajibirin sallah kaje ya kashe waya yaron shago na ce maka "oga yaje Kwari siyo zare" alhali kayanka na nan cikin buhu ko alli ba a dora musu ba. Su wadannan ranar da suka fada ita ce ranar. Kuma da na zauna ina kallon yadda suke aiki sai na gane ba wata baiwa ce ta daban da maigidan ba, yadda suka tsara zamansu da juna ne.

Aiki a rabe yake. Mai awo daban, shine kuma mai rike littafi. Mai yanka wani dattijo ne da baya son surutu. Sai masu hadawa akan kekunan Juki na wuta, mai injin monogiram a dakin ciki, sai yara masu sa maballi da yanke zare da guga. Wannan rabon ba sabon abu bane shaguna da yawa sunayi. Inda suka bambanta shine kowane kaya yana tafe da 'yar takarda an makala da fil, mai awo ya sa hannu, mai yanka ya sa, mai hadawa ya sa, kuma duk wanda kaya yazo hannunsa yaga ba daidai ba yana da ikon ya maida shi baya ko da kuwa karamin yaro ne mai guga. A gabana wani yaro da ko gemu bai fara ba ya dauko riga ya kaiwa mai hadawa, mutumin da ya haifi kamarsa, ya dan rusuna yace "Baba ka duba aljihun nan kamar ya karkace". Ni har na gyara zama ina jiran tsawa, kasan halinmu, yaro ya gyarawa babba a gaban bako? Mutumin tabarau kawai ya sa ya duba yace "gaskiyarka, miko min reza". Shikenan fa. Ba wanda ya dago kai, keke bai tsaya ba, alamar ba ranar aka fara ba.

Wani abokina injiniya da na bashi labarin yace ai haka akeyi a masana'antun Toyota a Japan, duk ma'aikacin da yaga matsala yana da ikon jan igiya a tsayar da layin hada mota har a gyara. Shi maigidan nasa bayanin yafi sauki, cewa yayi "Alhaji gara a farke a nan da ka kai gida uwargida ta gano maka".

To amma me yasa babban baya jin haushi? Nan ne inaga sirrin yake, wajen kudi. A yawancin shaguna biyan tela da adadin kayan da ya hada ne, in yayi kuskure a cire a kudinsa, to dole ya boye, ya lullube da guga ya tura maka a leda. Su nan ma da adadi ake biya, amma kuskuren da aka kama a cikin shago ba a cirewa kowa ko sisi, sai wanda ya fita kwastoma ya dawo dashi, shi kuma daga kudin kowa ake cirewa har da na maigida. Kaga kenan wanda ya nuna maka kuskurenka taimakonka yayi. Duk ranar Alhamis da yamma ake lissafi littafi a bude, kowa yaga abinda ya shigo da abinda ya samu, yara masu koyo ma ana basu kudin mota da na abinci, ba irin wuraren da yaro zai shekara yana shara da siyo wa oga shayi ba tare da ya taba hawa keke ba. Na goro kuwa in ka bayar ba a sawa a aljihu, akwai gwangwanin madara akan tebur nan ake jefawa a raba. Na taba mikawa mai hada min kaya wani abu a boye dan ya dan duba ni, yayi godiya sosai ya tashi ya jefa a gwangwani a gabana. Kayana kuma basu matsa daga layinsu ba.

Wani abin da ya burge ni shine maigidan baya kunyata yaransa a gaban mutane. Azumin 2025 da aka fara 1 ga Maris aka yi sallah 30 ga wata, tun wajen goma ga azumi suka rufe karbar dinki. Ina zaune wani babban mutum ya shigo direba na biye dashi da ledojin Getzner, irin ta Ostiriya din nan ta gaske ba ta kwaikwayo ba, mai littafi ya gaishe shi har kasa yace "ranka ya dade littafi ya rufe sai bayan sallah". Mutumin yace kira min maigidanku. Mun san yadda irin wannan ke karewa, oga ya fito yana washe baki yace "rabu da yaron nan Alhaji bai sanka bane", a karba, a ture kayan talaka gefe. Shi da ya fito cewa yayi "Allah ya baka hakuri ranka ya dade, abinda ya fada maka shine, in na karba karya zan maka". Yaron da yasan maigidansa bazai karyata shi ba ai dole ya rike littafin nan da gaskiya.

Ragowar yadi ma suna dawo maka dashi. Ka kai yadi biyar na kaftani ko goma na babbar riga, duk kyallen da ya rage zaka ganshi a nade a kasan leda, ko da wanda bai isa hular jariri ba.

Yanzu bari in fadi wanda bai min ba dan ba mala'iku bane.

Tsada. Dinkinsu yafi na telan unguwa nesa ba kusa ba. Na fahimci dalili, tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga kasa da 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1000 a wurare da dama, sun sa sola dan fitilu da kekuna amma injin monogiram da dutsen guga in ba wuta dole sai janareta. Duk da haka mai daukar mafi karancin albashin nan na 70,000 da aka sa hannu a 2024, in yana da yara maza uku ko hudu gaskiya nan ba wajensa bane, kuma basa ragi, ko ka shekara kana magiya farashin da ke rubuce shine.

Waya kuma sai a hankali. Ka kira ba a dauka, ka tura sako a WhatsApp sai washegari, wai doka ce ba mai rike waya a kan keke. Dokar tayi kyau ga dinki amma ai sai a ware mutum daya dan amsa kira. Haka in an kira azahar gaba dayansu suke tashi suyi jam'i, su dawo su baje tabarma suci abinci a tire daya har maigida, abin gwanin sha'awa a ido, amma kai da ka baro ofis dan karbar kaya sai ka zauna a benci kana kallon mutane na cin shinkafa da wake. Zasu ce maka bismillah kam. Da sun rika barin mutum daya a tebur ana karba-karba da ba a rasa komai ba.

Babbar matsalar da nake hangowa ita ce dattijon nan mai yanka. Girmama shin da sukeyi har ya wuce misali, almakashinsa ko maigida baya tabawa, kuma ban ga wani yaro da aka tsayar kusa dashi yana koyo ba. Duk shagon nan akan hannun mutum daya yake tafiya, ranar da zazzabi ya kwantar dashi kekuna duk sai sun yi shiru. Wajen da mai guga ke iya gyarawa mai hadawa amma ba mai iya cewa Baba mai yanka ya koyar da wani, wannan gyara ne da ya kamata suyi tun yana da karfinsa. Sannan shi baya son matsattsen dinki irin na samarin yanzu, kace ya dame maka hannu da wando zai kalle ka ta saman tabarau yace "to", in kayan suka fito kaga ya bar maka wajen numfashi. Samari masu son sabon yayi kuyi magana da mai awo ya rubuta a takarda baro-baro, in an rubuta yana bi.

Ni dai hudu cikin biyar na basu. In zaka kai na babbar sallah ka kai tun cikin Shawwal, ka tafi da rigar da ta zauna maka daidai su gani, ka biya rabi adibas ka karbi rasit mai kwanan wata. Wajen ajiye mota babu, adaidaita sahu yafi sauki, kuma kar kaje tsakanin karfe daya da rabi zuwa biyu da rabi.