API Freshwater Master Test Kit: zai iya da ruwan tafki mai tsami?

Kayan gwajin ruwa ne. Don ruwan kiwon kifi aka yi shi, kuma a nan ba laifi: mililita 5 na ruwa, ɗigo 3 na magani, launi ya nuna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (lamba na raguwa, tsami na ƙaruwa). Sai dai ma'auninsa ba ya sauka ƙasa da 6.0. Tafkin 223 na Ontario a Kanada, da aka fara zuba wa asid a 1976, pH ɗinsa ya sauka kusan 5.0, gansakukar Mougeotia ta lulluɓe bakinsa. In an gwada irin wannan ruwa, wannan kayan 6.0 zai nuna.

Gwajin naitiret (nau'in naitirojin da ke cikin ruwa) ma haka: daga sifili sai 5 ppm (kashi 5 cikin miliyan), alhali ƙarancin naitirojin da ke tauye gansakuka yana ƙasa da nan nesa. Kwalba ta 2 ta maganin gwajin naitiret kuwa, a girgiza ta daƙiƙa 30, in ba haka ba sakamakon ya yi ƙasa.