Wace hanya za ka zaɓa don mayar da sys.stdout mazauninsa a Python?

Karkatar da abin da print ke fitarwa zuwa cikin fayil ba wuya a Python: sai ka sauya sys.stdout, wato mafitar da print ke aika rubutu gare ta. Wajen dawo da shi ne gizo ke saƙa. Hanyoyi huɗu ake tallatawa, kuma ba kowacce ce ta dace da aikinka ba.

Mafi araha ita ce layin nan guda ɗaya: sys.stdout = sys.__stdout__. Ita mutane suka fi ɗauka, ni kuwa ba na ba da shawararta, don araha ba ta ado. Abin da sys.__stdout__ ke riƙe da shi shi ne mafitar da Python ya samu lokacin da ya tashi, ba wadda kai ka tarar ba. A manhajojin rubuta Python irin su Jupyter da IDLE, ko yayin gwada shiri da pytest, an riga an sauya sys.stdout tun kafin shirinka ya fara aiki. Kana rubuta wannan layin sai ka ture tsarinsu, rubutunka ya daina bayyana inda kake duba. A Windows ma, idan da pythonw (Python ɗin da ba ya buɗe tagar umarni) aka kunna shirin, ƙila ka tarar None ne a ciki.

Ta biyu ta fi ta: ka adana sys.stdout a wani suna kafin ka sauya, sannan ka mayar da shi a ƙarƙashin finally, wato sashen try da ke gudana ko an samu kuskure ko ba a samu ba. Kada ka yi rowar finally ɗin nan. In babu shi, kuskure ɗaya a tsakiya ya isa ya bar print yana neman rubutu a fayil ɗin da aka riga aka rufe.

Ga yawancin aiki, contextlib.redirect_stdout nake ɗauka, wadda ta zo da Python 3.4 a 2014. Aikin ta biyun take yi, amma da with, ko an samu kuskure sai ta dawo da abin da ta tarar, kuma kana iya saka wata a cikin wata. Aibinta shi ne shirin duka take shafa, saboda haka in akwai zaruruwa (threads, wato sassan shiri) da yawa masu gudana tare, rubutun wannan zai faɗa fayil ɗin wancan.

Sai dai duk ukun nan iyakarsu cikin Python. Laburaren da aka rubuta da C, ko wani shiri da ka kira daga waje, kai tsaye suke rubutawa a lambar fayil 1, wato lambar da tsarin kwamfuta ya ba mafitar rubutu, ba ruwansu da sys.stdout. A nan dole ka biya tsada: os.dup(1) don ajiye kwafi, os.dup2 don karkatarwa da kuma dawowa, sannan ka rufe kwafin. Ka kira flush, mai fitar da rubutun da ya taru, kafin kowane sauyi, in ba haka ba ragowar rubutun da ke jiran fita zai bi hanyar da ba tasa ba. Idan kuwa shiri ɗaya kawai kake son kama fitarsa, subprocess.run da capture_output, wanda aka ƙara a 3.7, ya hutar da kai wannan wahalar.