Shuɗin allo da direbobi: wace manhaja ce ta cancanci kuɗinka, wacce ce ba ta cancanta ba

Kana tsakiyar aiki sai allon kwamfuta ya rikiɗe ya zama shuɗi, ta mutu, ta sake tashi da kanta. A sabon Windows 11 launin ya koma baƙi, amma ciwon ɗaya ne. Da ka shiga intanet neman dalili, kafin ka karanta layi biyu tallace-tallace sun yi maka caa, kowa na cewa tasa manhajar za ta sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya. Kafin ka zaro kuɗi, tsaya mu baje kayan a faifai.

Direba a nan ba mai tuƙa mota ba ne. Ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin Windows da wani sashe na na'ura, kamar katin hoto, katin Wi-Fi ko firinta. Da yawansu a can cikin ƙuryar tsarin suke aiki, inda kuskure ɗaya ya isa ya kayar da komai. Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan faɗuwa daga direbobin wasu kamfanoni suke zuwa, kashi 10 kuma daga lalacewar kayan na'urar. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani fayil da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wa direbansa ya kayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi. Ka lura da kyau: sabon abu ne ya yi ɓarnar, ba tsoho ba.

Don haka abin da ka fara buƙata shi ne mai gano mai laifi. Duk sanda Windows ta faɗi, takan bar ɗan rahoto a C:\Windows\Minidump, kuma manhajoji uku ne suka yi fice wajen karanta shi. BlueScreenView ta NirSoft kyauta ce, ƙarama, ba ta ma buƙatar girkawa. Kana buɗe ta za ta jero faɗuwar da aka yi, ta haska fayilolin da take zargi. Aibinta shi ne yawan ɗora laifi kan ntoskrnl.exe, wato zuciyar Windows kanta, alhali sau da yawa a hannunta gawar ta faɗi kawai, wani ne ya yi kisan. WhoCrashed ta Resplendence kyauta ce ga mai amfanin gida, akwai kuma ta biya don masu sana'a. Ita tana rubuta bayani da jimloli, ta faɗi kamfanin da ya yi direban idan ta gane shi, don haka ta fi sauƙi ga wanda bai saba ba.

Ta ukun, WinDbg, ita ce wadda zan zaɓa in aka ce ɗaya kawai zan riƙe. Ta Microsoft ce, kyauta a Microsoft Store. Fuskarta na iya tsoratar da baƙo, amma umarni ɗaya ake buƙata: buɗe rahoton, rubuta !analyze -v, ka nemo layin IMAGE_NAME. In ka ga nvlddmkm.sys, katin hoton NVIDIA ne, amdkmdag.sys na AMD ne, igdkmd64.sys na Intel. Saƙon VIDEO_TDR_FAILURE ma yana nuna katin hoto ya yi shiru, Windows ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi ta kasa.

Ka san mai laifi, sai gyara. Mafi arha yana cikin Windows ɗinka tun asali: Device Manager, zaɓi na'urar, shiga shafin Driver, danna Roll Back Driver don komawa tsohon da ke aiki lafiya. In maɓallin ya dushe, Windows ba ta ajiye tsohon ba ke nan, sai ka sauko da shi daga shafin wanda ya ƙera na'urar. Mai laftop ya fara da kamfanin laftop ɗin, ta Lenovo Vantage, HP Support Assistant ko Dell SupportAssist, domin sukan daidaita direba da ainihin samfurinsu. Ga katin hoto kuwa akwai DDU ta Wagnardsoft, kyauta, wadda ake gudanarwa a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da direbobin dole kawai, ta share tsohon direba kakaf har da ragowar da cirewar yau da kullum ke bari.

To, ina na kuɗin? Driver Booster da Driver Easy su ne aka fi gani. Kowacce tana da ta kyauta mai iyaka da ta biya, galibi kuɗin shekara-shekara. Aikinsu kwatanta lambar direbanka da ta rumbunsu, in sun ga wadda ta fi sabunta su ce naka ya tsufa. Ba sa tambayar wanne ne ke kayar da kwamfutarka. Kuma in ka bar su suka canza direbobi goma sha biyar a zama ɗaya, faɗuwar ta ƙaru, wanne za ka kama? Garin neman gira a rasa ido ke nan. Inda nake ganin amfaninsu shi ne tsohuwar na'ura da kamfaninta ya daina kula da ita, aka sake mata Windows, wasu sassa suka ƙi aiki. Ko a nan ma Snappy Driver Installer Origin tana yin wannan aiki kyauta, har ba tare da intanet ba in ka riga ka sauke rumbunta a filashi, sai dai rumbun yana da girma sosai. Duk wadda ka ɗauka, ka yi System Restore Point tukuna, wato ajiyar yanayin Windows da za ka iya komawa in abu ya lalace, ka canza direba ɗaya-ɗaya.

Driver Verifier da ke cikin Windows ba ta kowa ba ce. Da gangan take matsa wa direbobi har mai rauni ya faɗi ya tona kansa, kuma tana iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya. Kada ka kunna ta sai ka iya shiga Safe Mode ka rubuta verifier /reset.

Saura abu ɗaya da ke ruɗar mutane. In yau rahoto ya kira wannan fayil, gobe wancan, jibi wani daban, da wuya a ce direbobin ne duk suka lalace lokaci guda. Ka zargi RAM, wato sandunan ƙwaƙwalwar wucin gadi na kwamfuta. Saka MemTest86 a filashi, ka tayar da kwamfutar da ita, ka bar ta ta kwana tana gwaji. In ta nuna kuskure ko da ɗaya ne, cire sandunan ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da ka ware wa manhajar sabunta direbobi sai ya tafi ga sabuwar sandar RAM mai irin nau'in da babban allon cikin kwamfutarka (motherboard) ke karɓa, DDR4 ko DDR5, domin ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya.