Allon lambar gida a Makka da Jidda: wanne za ka saya, wanne za ka bari a shago

A azumin bara, wajen ƙarfe biyu na dare, jikin surukata ya tashi. Muka kira motar asibiti, ta iso unguwar da wuri, amma sai da ta kai ƙarshen layinmu ta juyo. Imarori, wato dogayen gidajen haya, shida ne a jere, fentinsu ɗaya, ƙofofinsu duk baƙin ƙarfe. Dole na tura babban ɗana bakin titi yana kaɗa fitilar waya. Alhamdu lillahi Hajiya ta samu sauƙi. Da gari ya waye na tsallaka titi na juyo na dubi gidan da nake haya shekara shida. Lambar tana nan, 'yar mitsitsiya, ruwan zinare a kan bango ruwan ƙasa, reshen bishiya ya rufe rabinta. Ni da na san inda take ma sai da na ƙanƙance ido.

Tun daga ranar nake leƙa shagunan talla, masu rubutun "di'aya wa i'ilan" a goshinsu, ina kuma kallon ƙofofin mutane. Abin da na gano shi ne allon da ya fi tsada ba lallai ya fi ganuwa ba, sau da yawa ma shi ne na baya.

Kafin maganar allo, tabbatar da lambar da za ka rubuta. A adireshin ƙasa, wato unwanul waɗani na hukumar gidan waya SPL, kowane gini yana da lamba mai alƙaluma 4. Akwai kuma lambar yanki mai alƙaluma 5, da wata lambar ƙari mai alƙaluma 4, sai gajeren adireshi mai haruffa 4 da alƙaluma 4. Wadda ake kafawa a bango ita ce lambar gini, ita ce kuma alƙaluman ƙarshe na gajeren adireshin. Buɗe manhajar SPL ko ta gwamnati, Tawakkalna, ka kwafo ta daga can. Na san wani maƙwabci da ya biya aka yanka masa lambar ƙari da ƙarfe mai kyau, ya kafa, masu kawo saƙo suka ci gaba da wuce shi. Yanzu da kamfanonin aika kaya ke neman adireshin ƙasa kafin su karɓi saƙo, lambar ginin ce mandub, wato mai kawo saƙo, yake gani a wayarsa. Lokeshan na WhatsApp yana kawo mutum layi ne kawai, ba ya nuna masa ƙofa.

Sai girma. Masu yin alluna suna da wani lissafi mai sauƙi: kowace mita 3 ta nisa tana son santimita 2.5 na tsayin alƙalami. Idan daga bangonka zuwa inda mota take bi mita 12 ne, kana son santimita 10. Idan mita 18 ne, sai 15. A garuruwa da dama na Amurka dokar kashe gobara ta sa inci 4, kusan santimita 10, a matsayin mafi ƙanƙanta, kaurin layin rubutun kuma rabin inci. Ni dai ba na ba kowa shawarar ƙasa da santimita 15 in gidan yana bakin titin mota, don direba tafiya yake yi, ba tsaye yake yana nazari ba. Alƙaluma 4 masu wannan tsayi za su ci allo mai faɗin kusan rabin mita. Mai shago zai ce maka ya yi girma, ba zai yi kyau ba. Bar shi ya yi girman.

Akwai kuma abin da mutanenmu ba su cika lura da shi ba: da wane rubutu? Ɗauki lamba 6505. Da alƙaluman Larabci ٦٥٠٥ ce. Wanda idonsa ya saba da na boko zai ga 7, ya ga 0, ya ga ɗigo, ya sake ganin 0. Sifilin Larabci ɗigo ne kawai, daga nesa ɓacewa yake yi, ٢ da ٣ kuwa da dare sai ka matso kafin ka raba su. Masu kawo kaya a garuruwan nan daga ƙasashe daban-daban suke, baƙinmu masu zuwa Umra daga Kano ko Maraɗi su ma na boko suka sani. Lambar mota a ƙasar nan tana ɗauke da rubutun biyu, kai ma kana iya yin haka: na boko babba, na Larabci a ƙasansa. In allon ba zai ɗauki biyun ba, zaɓi na boko. Rubutun ado mai lanƙwashe-lanƙwashe kuwa a bar wa katin biki.

To, da me za a yi shi?

Mafi araha fenti ne: a yanka lambar a kwali, a ɗora a bango, a fesa baƙi. Kada ka raina shi. Baƙin fenti a kan farin fili ya fi allunan ado da yawa ganuwa. Aibinsa rana tana cinye shi, sai an riƙa sabuntawa, kuma ba kowane mai gida ke yarda ɗan haya ya fesa masa bango ba. Sitika ta roba ba ta da tsada ita ma, amma a kan ƙofar ƙarfe da rana ke duka tun hantsi gefenta yana naɗewa, ja kuma shi ke fara koɗewa. Garin da aka auna zafi 51.8 a Harami lokacin Hajjin 2024 ba garin manne-manne ba ne. Duk allon da aka ce maka da salatif mai fuska biyu ake liƙa shi, tambayi inda ramin kusoshinsa yake.

Akirilik, wata roba mai tauri mai kama da gilashi, shi ne ya cika shaguna yanzu. Na ainihi yana jure rana, ba ya saurin komawa rawaya. Matsalar ita ce irin da mutane suka fi so, mai ƙyalli kamar madubi, ruwan zinare ko azurfa. Da rana yana kashe ido, da dare kuma duhun titi yake nunawa, sai lambar ta saje da bango. In akirilik kake so, ɗauki marar ƙyalli, farin rubutu a kan baƙi ko baƙi a kan fari. Ka kuma taɓa shi ka ji, don ana sayar da wani farin allon roba mai kama da soso a ciki, marar nauyi, wanda zafi ke lanƙwasawa.

Ƙarfe ya fi daɗewa. Alminiyam da aka gasa wa fenti ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, shi na saya. Ƙarfe marar tsatsa, wato stainless, kuwa iri-iri ne, kowane iri da lambarsa, kuma nan ne Makka da Jidda suka rabu. A Makka mai lamba 304 ya isa. A Jidda, inda iska ke ɗauke da laima da gishirin teku, 304 yakan yi ɗigo-ɗigon tsatsa, gara 316. Ƙanena da ke can ya sayi lambobi masu kyau, amma aka kafa su da kusoshin gama-gari, kafin shekara tsatsa ta zubo a bango kamar hawaye. Kusoshin ma su zama marasa tsatsa. Tagulla kyakkyawa ce, sai dai tana dusashewa in ba a gogewa, kuma launinta kusan ɗaya ne da bangon yawancin gidajenmu.

Saura dare, wanda shi ne asalin abin da ya kai ni kasuwa. Hanya uku ce. Ta farko takardar nan mai mayar da haske irin ta allunan titi: ba waya, ba batir, fitilar mota na dukanta za ta amsa. Sharaɗinta ta fuskanci inda mota ke tahowa, in ba haske ya doke ta ba kuwa shiru take. Ta biyu fitilar LED da aka ja wa waya daga gida, da ɗan na'urar da ke kunna ta da magariba ta kashe da asuba. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, amma sai ka kira mai gyaran wuta, kuma ka duba a jikinta an rubuta IP65, ma'ana ƙura ba ta shiga, fesin ruwa ba ya cutar da ita. Kada hasken ya yi yawa, don in ya yi yawa alƙaluman narkewa suke su zama dunƙule ɗaya daga nesa. Ta uku mai sola, wadda kowa ke ɗauka ita ta dace da ƙasar rana. Ni ita na fi shakka. Zafi yana kashe ƙaramin batirin da ke ciki, ƙura tana rufe farantin, a lungun da dogayen gine-gine suka yi wa inuwa kuma ba ta cika caji. In dole sai ita, nemi wadda ake buɗewa a canza batir.

Da na je wa mai gidanmu da maganar, dattijo ne, sai ya ce, "Ɗana, duk unguwar nan wa bai san gidana ba?" Na ce, "Baba, 'yan unguwa sun sani, amma wanda lambobin gaggawa 997 ko 911 za su turo ba ɗan unguwa ba ne." Ya yi shiru, can ya ce in sa, amma kada in huda masa marmara. Muka kafa shi a ginshiƙin ƙofar waje, sama da inda rufin motar da aka ajiye zai kare shi, ƙarƙashin fitilar ƙofa da ke kwana a kunne. Farin rubutu mai mayar da haske, santimita 15, a kan baƙin alminiyam. Bayan isha'i na sa ɗana ya tsaya a kwanar layi, na ce ya karanto mini. Ya karanto daidai, sannan ya ce reshen nan har yanzu yana taɓa alƙalamin ƙarshe. Washegari haris, wato mai gadin gidan, ya sare shi.